Kat-kat a Baleyara: mutum ɗaya ke saye, dangi ke hawa

Kamfanonin da ke ƙera motoci a Japan da Turai da Amurka suna da wani rukuni na motoci masu tsayin ƙafa, masu ja da ƙafa huɗu, waɗanda suke tallatawa da sunan motar iyali. A hotunan tallarsu iyalin ba ya wuce mutum huɗu: miji da mata da yara biyu, wani lokaci da kare a baya. A Nijar ana kiran irin wannan mota kat-kat, kuma duk wanda ya taɓa mallakar ta a ƙasar Kurfey ko Tagazar ya san kalmar iyali tana da wani faɗi a nan, wanda injiniyan da ya auna kujerun bai sa a lissafinsa ba. Labarin wani magidanci na Baleyara da ya sayi tasa a ƙarshen shekarar 2022 ya isa misali ga mai karatu.

Baleyara tana bakin hanyar ƙasa mai lamba 25, wajen kilomita 100 arewa maso gabas da Yamai, a cikin kwarin Dallol Boso. Daga nan kwalta ta miƙe arewa, ta ratsa Bonkuku, garin dankalin turawa, ta kai Filinge, babban birnin Kurfey, mai nisan kusan kilomita 180 daga Yamai. A 2011 aka cire Baleyara daga Filinge ta zama gunduma mai zaman kanta, amma tun kafin haka kasuwarta ta Lahadi ta yi mata suna, inda Abzinawa da Fulani da Zabarmawa da Hausawa ke haɗuwa da raƙumansu da shanunsu da tumakinsu. Wanda gidansa da danginsa duk suke bakin kwalta ba ya bukatar kat-kat, domin motocin haya daga tashar Wadata ta Yamai ba sa yankewa. Sai dai kwaltar zare guda ce a cikin faffaɗan daji. Ƙauyuka suna can gefe, wasu cikin rairayin kwari mai haɗiye taya, wasu bisa fako da tsakuwa, kuma da damina ƙoramu kan raba su da duniya na kwana ɗaya ko biyu.

Daga ɗaya cikin waɗannan ƙauyuka mutumin ya fito, arewa da Filinge, kilomita ashirin da ɗoriya daga kwalta. Mahaifinsa ya rasu yana yaro. Kawunsa ne ya tsaya masa, har ya kai bijimi kasuwa don yaron ya ci gaba da karatu a kwalejin Filinge, daga bisani a lise a Yamai. Ya zama malamin dabbobi, aka aje shi aiki a Baleyara. Bayan albashi yana turkar raguna da bijimai yana sayarwa gabanin sallar layya, uwargidansa kuwa tana sayar da zannuwa tana kuma riƙe da adashen matan unguwa. Suna da ƴaƴa huɗu. Mahaifiyarsa na ƙauye tare da ƙannensa, tana fama da hawan jini.

Shekara da shekaru babur ya ishe shi. Da babur yake zuwa rugage yin allurar shanu, da shi yake kai wa tsohuwa magani. A ƙauyukan ma babur ne motar asibitin talaka: a ɗora marar lafiya a tsakiya, wani ya riƙe shi ta baya, a kama hanya. To, a watan Janairu na 2020, saboda ƴan bindiga da ke kai hare-hare bisa babura, hukuma ta hana yawo da babur a sassa da dama na jihar Tilaberi. Dokar ta zo da hujjarta, amma ta maida mutanen ƙauye ga amalanken shanu da jakai. A cikin wannan shekara jinin tsohuwa ya hau da dare, aka shimfiɗa ta a amalanke, aka yi awa huɗu kafin a ga kwalta. Ta tashi, amma hannunta na hagu bai koma daidai ba. Tun ranar ɗanta ya ƙudura a ransa zai sayi motar da ke iya kaiwa ƙofar gidan uwarsa rani da damina.

Wace mota ke nan? Tambayar tana da tarihi a wannan ƙasa. Tsofaffi suna tuna Land Rover ta kumandan da ta likitan dabbobi. Bayanta Peugeot ta yi zamaninta, 404 mai tanti da ake kira bashe, da 504 wadda masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975 ta cika Nijeriya da maƙwabtanta da ita. Sannan Toyota ta karɓe fage. Bayan farin 1973 da na 1984 ƙungiyoyin agaji suka shigo da fararen Land Cruiser, har yara suka laƙaba musu suna motar proje, kuma a 1987 sojojin Cadi suka fatattaki tankokin Libiya bisa Toyota masu buɗaɗɗen baya, abin da ya sa duniya ta kira wannan yaƙi da sunan kamfanin. Sabuwar mota dai ba ta taɓa zama ta ƙaramin ma'aikaci ba, balle da aka karya darajar sefa a watan Janairu na 1994, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, kuɗin duk abin da ke zuwa daga waje ya ninka cikin dare ɗaya. Tun daga nan motar mai matsakaicin hali ita ce wadda wani Bature ya gaji da ita, aka loda ta a jirgin ruwa zuwa Kwatano.

Shekara biyu ya yi yana tari. Da labari ya bazu cewa kuɗi sun kusa cika, sai masu shawara suka yi ta sallama, kowa yana zaɓa masa motar da ta dace da bukatar mai shawarar. Yayansa, wanda ke fataucin hatsi, ya ce Hilux mai buɗaɗɗen baya ita ce mota, tana ɗaukar buhu ashirin ranar kasuwa ta ci da kanta. Uwargida ta tambaye shi ko a bayan nan, tsakanin buhuna, za a kwantar da Inna cikin ranar bazara. Kawu kuwa takanas ya zo daga ƙauye, ya zauna bisa tabarma, ya ce: «Ɗana, in za ka sayen mota, sayi babba, irin ta proje. Wadda in ta tsaya ƙohwar gidanga kowa ya san wahalar da munka yi ba ta faɗi banza ba.» Wani abokin aiki kuma ya nuna masa wata kat-kat ƙirar Turai mai kujerun fata, wadda mai ita ke neman rabuwa da ita da araha mai ban mamaki.

Shawarar da ta yi nauyi ta fito daga bakin wani tsohon makaniki da ke da rumfa a bakin tashar garin. Game da mai kujerun fata ya ce arahar ita ce ciwonta: ƙwaƙwalwarta kwamfuta ce, in wata fitila ta kunna a gaban direba sai an ja ta zuwa Yamai an jona mata na'ura kafin a san abin da ke damunta, kayanta kuma sai an yi odar su daga waje. Ya ce: «Malam, kada ka dubi wadda ta fi kyau a raye. Tafi wurin masu sayar da tsofaffin ƙarafa a Yamai, ka duba wace mota ce gawarta ta fi yawa. Ita za ka saya, don duk abin da ya karye a taka akwai shi a jikin ƴar'uwarta.» Ya ƙara da cewa a nemi mai giyar hannu, domin in batir ya mutu a daji yara huɗu sun isa su tura ta ta tashi, abin da mai canza giya da kanta ba ta yarda da shi.

Saura babbar da Kawu ke so. Babu mai musun ƙarfinta. Land Cruiser irin ta shekarun 1990, mai injin gazuwal na lita 4.2 da silinda shida, an yi ta ne domin irin wannan ƙasa, kuma makanikan Sahel sun san cikinta kamar yunwar cikinsu. Amma malamin ya ɗauki biro. Zuwa Yamai da dawowa kilomita 200 ne. Babbar, in ta tsufa kuma an loda ta, za ta sha kamar lita 14 a kowace kilomita 100, wato lita 28. A watan Agusta na 2022 an ƙara kuɗin gazuwal daga sefa 538 zuwa 668, saboda haka tafiya ɗaya ta haura jika 18. Ƙaramar kat-kat mai shan esansi, a lita 10 cikin kilomita 100, za ta sha lita 20. A farashin lokacin na sefa 540, wato dala 108, tafiyar ba ta kai jika 11 ba. Tayoyin babbar ma kowace ɗaya kuɗin rago ce.

Akwai kuma wani lissafin da ba a yi da biro. Tun watan Maris na 2017 aka kafa dokar ta-ɓaci a wasu gundumomin Tilaberi da Tawa masu iyaka da Mali, har da Abala da ke arewa da Filinge. Ranar 15 ga Maris 2021 ƴan bindiga suka tare motocin da ke dawowa daga kasuwar Banibangu, gwamnati ta ba da sanarwar mutuwar mutum 58. An sha ƙwace motocin ƙungiyoyin agaji da na ɗaukar marasa lafiya a yankin, kuma kowa ya san irin motar da masu ƙwacen ke kwaɗayi: Land Cruiser da masu buɗaɗɗen baya, waɗanda ke iya ratsa daji da kaya masu nauyi. Haka zamani ya juya, motar da ta fi kowace iya rairayi ta zama wadda mai hankali ba ya son a gan shi da ita cikin rairayin. Uwargida ce ta rufe zancen. Ta ce: «Maigida, gara wadda za ta kai ka a hankali ta dawo mana da kai.»

A watan Nuwamba na 2022 ya ɗauki hutu, ya biya wa makanikin kuɗin mota, suka bi ta Doso da Gaya, suka haye gadar Malanbil, suka ratsa Paraku har Kwatano, tafiyar fiye da kilomita 1,000. A filayen sayar da motoci na Sekanji, inda mota ke jere iyakar ganin ido, tsohon ya nuna amfanin zuwa da shi. Bai kula da lambar kilomita da ke gaban direba ba, don ya ce wannan lamba ana maida ta baya kamar agogo. Ya fi duba yadda robar birki da sitiyari suka siɗe. Ya kwanta ƙarƙashin kowace mota yana neman tsatsa, saboda a ƙasashen ƙanƙara gishiri ake watsawa a hanya, gishirin kuma yana cin ƙarfe ta ciki. Ya ɗaga shimfiɗar ƙasa yana sunsunawa, don wasu motocin Amurka ambaliya ce ta haɗiye su aka busar aka turo. Abin da ya fi ba malamin mamaki shi ne yawan motocin da ke da siffar kat-kat alhali ƙafafun gaba kaɗai ke ja. Sai an leƙa ƙasa an ga sandar ƙarfen da ke kai ƙarfi ga ƙafafun baya ake tabbatarwa. A kwana na uku suka tsaya kan wata Toyota RAV4 ƙirar 2004, mai giyar hannu, mai ja da ƙafa huɗu, mai kujerar mutum biyar, launin toka wanda ba ya jan ido. Kuɗin fito da na duwan da lamba da kart giriz da asurans da binyet suka taru suka yi tsauni, har sai da ya aika gida aka sayar da wani bijimi da bai yi niyyar rabuwa da shi ba.

Ranar da motar ta fara shiga ƙauye an yi sadakar fura, liman ya yi addu'a, Inna ta shafa ƙofar da hannunta mai lafiya. Kawu ya zagaya ta sau ɗaya, ya ce ba laifi, ƴar ƙarama ce dai.

Daga mako na biyu aka fara buga ƙofa. Wannan matarsa za ta awo, wancan za shi ta'aziyya Bonkuku, wani ɗansa zai koma makaranta da katifa da buhun gero, wata za a kai ta filin jirgin sama na Diori Hamani za ta Umra kuma rakiya sai da mota. Uwargida, da yake ta saba da littafin adashe, ta buɗe wa motar nata littafin: rana, inda aka je, don wa, lita nawa, wa ya biya. Bayan wata shida suka zauna suka duba. A cikin kowace tafiya biyar, ɗaya ce ta gidansu. Layin «wa ya biya» kuwa kusan suna ɗaya ne daga sama har ƙasa.

Mai karatu na birni zai ce ai sai ya ƙi. Ƙin ba shi da sauƙi ga wanda ƙauye ya yi wa karo-karo ya yi karatu. Matar da ke neman a kai ta awo, uwarta ce ta riƙa aika masa ƙuli-ƙuli yana kwaleji. Mai zuwa ta'aziyya shi ya noma gonar Inna shekarar da ciwo ya kwantar da ita. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, sun kuma ce zumunta a ƙafa take; wanda Allah ya ba ƙafa huɗu na roba, dangi suna ganin nasa rabon zumuntar ya ƙaru daidai gwargwado. Ba su ɗauki kansu maroƙa ba. A ganinsu sun zuba jari shekara talatin da suka wuce, yanzu ya fara haihuwa.

Shekarar 2023 ta zo da nata nauyi. Ranar 29 ga Mayu sabon shugaban Nijeriya, Bola Tinubu, ya janye tallafin mai, esansin kwalba na ƴan ruwa-ruwa da ke rage wa masu mota zafi ya yi tsada ya kuma yi wuya. Ranar 26 ga Yuli sojoji suka kifar da gwamnati a Yamai, kwana huɗu bayan haka ƙungiyar Sedeyawo ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyakokin Benin da Nijeriya. Kayan gyaran mota da ke zuwa daga Kwatano, da kasuwar Ladipo ta Legas, da Nnewi, da Kano, suka ja baya. Abin da ke kanti ya ƙara kuɗi, wanda babu kuma sai jira.

A watan Oktoba na wannan shekara, da aka gama girbi aka shiga bukukuwa, wani ɗan baffansa ya ari motar don ɗauko amarya. Mutum goma sha ɗaya suka shiga motar mutum biyar, ga akwatuna da tukwane bisa rufi. A wani kwazazzabo ƙarfen da ke riƙe ƙafar baya ya karye. Aka jawo ta Baleyara, makaniki ya aika Yamai, aka ce a dakata. Kwana goma sha biyu ta yi bisa duwatsu a bakin rumfarsa. A dare na takwas naƙuda ta yi wa ƙanwar malamin gardama a ƙauye. Tun tsakiyar shekarun 2000 gwamnatin Nijar ta maida fiɗar haihuwa kyauta, amma hanyar da ke kai mace ga ɗakin fiɗar tana nan da kuɗinta da nisanta. Aka koma ga amalanke, aka kai kwalta da asuba, aka jira motar haya, aka isa asibitin Filinge rana ta ɗaga. Likitoci suka ceci uwar. Jaririn bai zo da rai ba. Babu wanda ya ce da motar tana nan da yaron ya rayu, wannan sanin Allah ne, kuma malamin bai taɓa ɗora wa ɗan baffansa laifi ba ko a bayan ido. Amma da aka yi kwana bakwai ya roƙi liman da dattawa su zauna a zauren gidansu, ya karanta musu abin da shi da uwargida suka tsara.

Ciwo da haihuwa, ko na wane gida ne a ƙauyen, mota tana zuwa, ba a tambayar kowa ko dala, kuma saboda haka tankinta ba zai sake sauka ƙasa da rabi ba. Rasuwa, masu tafiya su haɗa kuɗin mai. Biki da suna da rakiya, a nemi motar haya a tasha, shi zai ba da gudummawarsa da kuɗi kamar kowa. Makulli ba ya barin hannunsa sai zuwa hannun ƙanensa guda mai takardar tuƙi. Mutum biyar ne, in da goyo shida. In ba don marar lafiya ba, ba ta barin kwalta bayan la'asar. Daga ƙarshe ya nemi ƴan ƙauyen da ke ci-rani a Yamai da Abijan da Lome su riƙa aiko da abin da ya sawwaƙa kowane wata, a aje a hannun liman, don man ɗaukar marasa lafiya. Dattawa suka ce madalla. A zaure kowa yakan yarda da doka, don kowa yana zaton maƙwabcinsa za ta fara kamawa.

Kawu ta fara kamawa. A farkon 2024 ya tashi auren autansa, ya aiko a kawo mota ta ɗauki amarya. Malamin ya tafi da kansa, ya durƙusa, ya ce: «Kawu, ku yi mini haƙuri. Kuna zaure ranar da aka yi maganar nan. In na buɗe ƙofar ga gidanku, ba ni da bakin rufe ta ga gidan kowa.» Tsohon ya daɗe bai ce uffan ba. Sannan ya ce: «Ranar da na ja bijimina zuwa kasuwa don karatunka, ban buɗe littahi na rubuta ba. Tashi ka tahi, Allah shi yi albarka.» Malamin ya aika da rago da kuɗin hayar Hiace guda. Aka karɓi ragon, aka maido kuɗin a ƙulle cikin ƙyallen da aka kai su.

Ba daidai ba ne a ɗauki tsohon a matsayin mai son zuciya. A ƙauye ranar biki ce ake auna gida, kuma mutumin da ya yi shekaru yana cewa ɗan ƙanwarsa ya zama wani abu, ranar nan yake so a gani da ido. An hana shi abin da ba ya sayuwa da kuɗin haya. Shi ma malamin yana da tasa gaskiyar, wadda ƙaramin kabari a bayan gari ke shaida. Matsalar ta fi su duka biyun girma: mota ɗaya ce ake so ta yi aikin motar asibiti, da na motar haya, da na tutar gida, alhali albashi ɗaya ke shayar da ita. Inda hanyar burji ta kai ƙauye, motar haya na shiga kullum, gidan likita na kusa kuma yana da motarsa da mai a ciki, kat-kat ɗin ma'aikaci sai ta koma abin da masu talla suka ce, ta miji da mata da yara. Inda babu waɗannan, duk wanda ya sayi mota ya buɗe ma'aikatar jama'a ne da kuɗin aljihunsa, ko ya sani ko bai sani ba.

Motar dai ta ci gaba da aiki, mai ita kuma ya koyi hidimarta. Da hunturu yakan cire matatar iska ya kakkaɓe kowane mako, don ƙura ita ce ajalin inji. Kafin ya shiga rairayi yakan rage iskar tayoyi su baje, in ya hau kwalta ya maida da famfon ƙafa. Shebur da katako biyu da igiya da jarkar ruwa ba sa fita daga bayanta. In ya tarar da ƙorama na gudu yakan kashe inji ya jira, ko da masu amalanke na yi masa dariya. Daminar 2024, wadda ruwanta ya yanke manyan hanyoyin fita daga Yamai a watan Agusta ya kuma tafi da motoci da mutane a wasu jihohi, ta sa masu dariyar sun ragu. A watan Fabrairu na 2024 aka ɗage takunkumin, iyakar Nijeriya ta buɗe bayan haka, amma Nijar ta bar gadar Malanbil a rufe, kaya suka koma biyowa ta Lome da Burkina Faso cikin rakiyar soja, da tsadar da doguwar hanya ke jawowa. A watan Yuli na 2024 gwamnati ta rage litar esansi zuwa sefa 499, gazuwal zuwa 618, aka ɗan numfasa. A watan Maris na 2025 kuma mai ya yi ƙaranci a ƙasar, duk da matatar SORAZ ta Damagaram da ke aiki tun 2011, layuka suka yi tsawo a gidajen mai. A waɗannan makonni ya kulle jarka mai lita 20 a ɗakin ajiya, yaransa suka sa mata suna jarkar marasa lafiya, shi kuwa ya koma zuwa aiki da ƙafa.

A cikin wannan ƙarancin ne wani dillalin shanu ya taya motar ranar kasuwa, da farashin da ya haura abin da aka saye ta, tunda shigo da mota ya ƙara wuya. Malamin ya kwana biyu yana juya zancen. Kuɗin za su gama ginin da ya tsaya a linta, su biya makarantar babbar ƴarsa, su kuma raba shi da bugun ƙofar tsakar dare. Uwargida ba ta yi gardama ba. Littafin ta ɗauko, ta buɗe daga Nuwamba 2023, ta karanta masa sunayen matan da aka kai haihuwa ɗaya bayan ɗaya, da na yaron da maciji ya sara, da na tsohon da fitsari ya ɗaure wa. Asusun liman bai taɓa isa ba, wata ya zo wata ya ƙi, amma ya rage rabin nauyin. Ranar Lahadi ta gaba ya gaya wa dillalin a bar maganar.

Ga ma'aikaci ko ɗan kasuwar da ke tara kuɗin kat-kat a Baleyara ko Filinge ko Bonkuku, abin ɗauka a nan a fili yake. Ya tambayi makanikin garinsu kafin ya tambayi dillali. Ya auna mai da nisan ƙauyensu da kuma yawan gidajen da ke da haƙƙi a kansa. Ya tuna girman mota yana jawo idon da ba a so a hanyoyin arewa. Sannan ya tsara dokar aro tun motar ba ta iso ba, a gaban dattawa, lokacin da babu wanda dokar ta riga ta ɓata wa rai, domin rigakafi ya fi magani.

Shi kuwa Kawu, fiye da shekara ya yi gaisuwa kawai ke haɗa su. Bayan sallar layya ta 2025 yanar ido ta rufe masa gani, aka ce sai an yi masa aiki a Yamai. Bai aiko ba. Inna ce ta aiko. Ciwo ne, doka ta farko ta hau kansa kamar kowa, ba a tambaye shi ko dala ba. Ya zauna kujerar gaba da carbinsa, aka yi tafiyar kusan kilomita 200 ba wanda ya ta da zancen biki. Bayan kwana uku, a hanyar dawowa, da suka bar kwalta suka shiga rairayi motar tana haurawa a hankali, tsohon ya ɗaga bandejin kaɗan ya dubi gawo da goriba suna wucewa, ya ce: «Ashe ƴar ƙaramar tana da zuciya.» Kuɗin hayar nan da aka maido suna nan a ƙyallensu cikin akwatin uwargida, ba a kwance su ba, ba a kuma sake aikawa da su ba. Allah ya kiyaye hanya, ya ba marasa lafiya sauƙi.